Rami na Ƙarshe a Qaanaaq

Shekara talatin da huɗu ina huda teku.
Ba zolaya nake ba:
a nan arewacin Girinlan teku yakan daskare
har a yi hanya a gadon bayansa,
karnuka goma sha biyu su ja mutum da kayansa,
ruwan da ke ƙasa bai san an wuce ba.

Na zo da digiri sabo fil
da takalmin da bai san sanyi ba.
Ululik ya dube ni, ya dubi injin haƙar da na rungumo,
ya daki ƙanƙara da gindin mashi sau uku,
ya kasa kunne kamar mai sayen tukunya,
ya ce, "Tsayina da ɗan ɗori."
Na yi awa guda ina haƙa, haƙora na kaɗawa.
Mita ɗaya da santimita tamanin da bakwai.
Bai yi dariya ba.
Shayi ya miƙo mini.

Daga nan sai rami bayan rami,
ina rubutu da fensir, don biro yakan sume a aljihu.

Wata shekara aka kai ni tsakiyar tudun ƙanƙara,
inda babu tsuntsu, babu dutse,
babu inuwa sai tawa.
Muka zaro sandar ƙanƙara daga zurfin kilomita biyu,
layi bisa layi, kowanne hunturu guda.
Ga tokar dutsen da ya yi aman wuta
tun ba a san alƙalami ba.
Na jefa ɓarɓashi a kofin ruwa, na kara kunne:
ƙas, ƙas, ƙas.
Iskar da aka kulle shekara dubu ashirin
tana fitowa kurkuku a tafin hannuna.
Ban gaya wa kowa na yi kuka ba,
gashin idona ne ya tona, da ya daskare.

Yatsun ƙafa biyu na bari a can.
'Yata Sunniva ta fara tafiya
ina jin labarin ta rediyo mai shaƙewa,
har yau in ta kira ni Tordis, ba Mama ba,
ba na gyara mata.

Na shiga manyan zauruka da lambobina,
na nuna layin da ke gangarowa
kamar guga ya kuɓuce wa mai ja.
Aka tafa.
Wani ya tambayi ko na tabbata.
Aka fita shan gahawa.

Ululik bai taɓa tambaya ba.
Shi karnukansa ne suka fara faɗa masa,
ranar da jagorarsu ta toge a kan hanyar kakanni,
ta ƙi gaba, ko da bulala.

Yau na dawo gun ramin farko,
wata ɗaya, rana ɗaya, kamar kowace shekara.
Na'ura ta ce nan ne.
Muna cikin kwalekwale.
Ululik yana kwance a kan tudu ƙarƙashin duwatsu,
jikarsa Tukummeq ce ta kashe inji,
muka yi shiru, ruwa yana lasar katako,
baƙi wuluk, ba ko ɓawo a kansa.

Ta buɗe littafin, ta sami gurbin kauri.
"Me zan sa?"
Na ce, "Sifili."
Ta ce, "Sifili ai kamar ba mu zo ba ne."

Ta ɗauko mashin kakanta daga ƙasan benci,
ta daki ruwan sau uku.
Ba amo.
Ta rubuta hakan, da kwanan wata,
sannan ta soke fensirina a gashinta,
ta tambaye ni ƙarfe nawa za mu fito gobe.