Ganyen Fulera

Fulera ce ta kawo ta,
a gwangwanin madara, ganye huɗu tak.
Ta ce, “Mma, riƙe min kafin in dawo.”
Motar Tamale ta tafi da ita aikin asibiti.
Damina biyu ke nan.

Na ce me zan yi da ciyawa?
Ba ta shiga miya, ba ta maganin zazzaɓi.
Ni da nake tashi da ganye ɗari kafin hantsi,
ina ƙunsa wa mutanen Aboabo wake da shinkafa,
da gari, da taliya, da baƙin yaji,
yau ni za a ba renon ganye?

Na dangwarar da ita gefen randa.
Rana ta same ta, kwana uku,
gefenta ya ƙone kamar ƙanzo.
Na ɗura mata ruwan famfo,
ta naɗe baki, ta ƙi kallona.

Mame Afuwa ta ɗakin gaba ta leƙo,
ta riƙe haɓa.
“A ƙauyenmu irinsu can ƙasan kurmi suke,
inda rana sai ta yi sallama take shiga.
Mai da ita inuwa, Memuna.
Tari ruwan sama. Huda gindin gwangwanin,
ba ta son ƙishi, ba ta son ƙafa cikin taɓo.”
Har ta juya, ta ƙara da cewa,
“Ai dangin ganyen ƙunshinki ce.”

Na sayo kasko a Kejetiya,
na haɗa baƙar ƙasa da ɓawon kwakwa da garin gawayi,
na ba ta wuri bayan labule, kusa da taga,
haske na zuwa, zafi na tsayawa waje.
Na koyi tambayarta da yatsa:
in ƙasa ta manne, in bari sai gobe,
in ta zube, in ɗauko moɗa.
Ranar Juma'a nakan goge mata hayaƙin murhuna
da tsohon ɗankwalin mai ita.

Wani dare an ɗauke wuta.
Ƙarfe uku na tashi kamar kullum,
ina laluben ashana, na haska waya,
sai ga su duk a miƙe.
Ganyen da na bari shimfiɗe da la'asar
sun tashi, sun haɗa tafi,
bayansu ja kamar hannun da ya sha lalle.
Na tsaya, wake na jirana a ruwa.
Ashe akwai mai riga ni tashi a gidan nan.

Na kira Fulera da gari ya waye.
Ta yi dariya, ta ce ruwa ne ke kai da kawowa
a 'yar gaɓar da ke wuyan ganyen.
Baba Sidiku ladan, yana jiran ƙunshinsa,
ya ce kowane abu na tasbihi,
mu ne ba mu iya yaren ba.
Na zuba masa, na ƙara masa ƙwai,
ban ƙaryata kowa ba.

Yanzu ganyenta ashirin da bakwai,
na ƙirga jiya, har da sabon da ke naɗe
kamar wasiƙar da ba a buɗe ba.
Kaskon ya yi mata kaɗan.
Na zare ta, na raba saiwar da hannu,
ɗaya na Mame Afuwa,
ɗaya na yarinyar da ke min wanke-wanke.
Uwar ba ta kyauta ba ce. Ajiya ce.

Fulera ta ce sai babbar Sallah.
Bara ma haka ta ce.

Ƙarfe uku, unguwa shiru,
sai wata tasi can wajen Asawase.
Hannuwanta a sama, nawa cikin gawayi.
Ban san abin da take roƙo ba.
Nakan dai ce amin,
in ɗora tukunya.