Harafi Mai Ƙugiya

A Fam Santa nake, rumfa ta uku daga bakin masallaci,
ina farke cikin wayoyin mutane da tsinken ƙarfe.
Da dare, in an ɗauke wuta a Kurna,
sai in kunna kwamfutar da na saya hannun wani ɗan bautar ƙasa.
Batirinta minti arba'in ne, ko ɗaya ba ya ƙarawa.

An ce mini akwai manhajar da ba a yi wa ƙyaure ba,
aikin gayya, kowa ya zo da fartanyarsa.
Na zo da tawa.
Na tarar da gona ba iyaka,
ban san kunyar da zan kama ba,
sai kunya ta kama ni.

Wata uku ina leƙe,
kamar baƙon da bai iya sallamar gidan ba.
Manhajar ajiye sunayen marasa lafiya ce a ƙananan asibitoci.
Can na hango ƙwaron:
ka rubuta Ɗahiru, ta ce babu shi,
ka rubuta Ƙasimu, ta miƙo akwati fanko a gurbin harafin farko.
Mutum na kwance yana makyarkyata,
na'ura ta ce ba a haife shi ba.

Na yi faci na tura. Aka dawo da shi.
Na sake. Aka dawo da shi.
Mai dubawar ba suna, haruffa biyu ne kawai, M da G.
Na ɗauka wani Bature ne a ƙasar ƙanƙara
da bai taɓa jin yadda ake kiran Ɓaidu ba.
Sau huɗu, tambaya ɗaya:
"Wa ka bari a waje?"
Na rufe kwamfutar na ce can ta matse musu.

Wata Laraba, bayan la'asar,
wata mata ta kawo waya da fasasshen gilashi.
Ina kwance sukurori, idonta na kan baƙin allona.
Ta ce, "Kai ne Nazifin da ya manta da 'ya'ya?
Ka gyara ɗa, ka gyara ƙa, ka gyara ɓa.
'Yar Baba fa? Ita ba ta ciwo?"
Sukudireba ta faɗi ƙasa.

Mardiyya Garba. Kemis gare ta a Gyaɗi-Gyaɗi.
Adaidaita biyu ce tsakanina da ƙasar ƙanƙarar.

Duk Asabar nakan zauna a bencin shagonta,
janareta na tari, ɗanta na haddar lissafi.
Ba ta taɓa karɓar kwamfutar daga hannuna ba.
In na ce ya ƙi, ta ce, "Me ka gwada?"
In na ce kuskure ya fito, ta ce, "Karanta shi da ƙarfi."
Sai da ta sa na yi sati biyu ina bin sawun waɗanda suka riga ni
kafin ta bari in dasa layi ɗaya.
Rannan tana ƙirga wa wani tsoho ƙwayoyin hawan jini
ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
"Nawa na farko sau tara aka koro shi."

Na biyar ya shiga.
Layi goma sha ɗaya.
Ba wanda ya yi guɗa, wuta ma ba a kawo ba.

Jiya ta turo mini aikin wata yarinya daga Rijiyar Lemo,
ta ce ni zan duba.
Na ga ramin tun layi na uku.
Yatsuna har sun hau madannai za su cike mata shi.
Na janye su.
Batiri saura minti shida,
ina neman tambayar da zan yi mata.