Na'am

Fada na zuwa tsibirinmu sau ɗaya a shekara,
in teku ta yarda.
Sauran kwanakin, makullin coci
na wuyan tsoho Baldovino,
rataye da igiyar kamun kifi.
Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke raka gawa,
shi ke yi wa jarirai baftisma
idan jirgi ya kasa tasowa daga Chiloé.

Ni kuwa ba ruwana.
Tun ranar da teku ta ci Eliseo,
ta maido mini takalminsa ƙafa ɗaya,
na daina yi wa Allah magana.
Ba faɗa muka yi ba,
gaisuwa ce ta yanke,
irin ta maƙwabtan da shinge ya raba.
Ina haƙar dankalina,
ina shanya ciyawar teku a kan duwatsu,
ina kaɗa ulu har fitila ta mutu.
Shekara goma sha ɗaya.

Wani dare a watan Yuli,
sanyi na cizo, ruwa na dukan katako a kaikaice,
aka buga ƙofa.
"Hermelinda!"
Na ce, "Na'am,"
tun ban san mai kira ba.
Bakina ya riga fushina tashi.

Yaron gidan Millalonco ne, jiƙe sharkaf.
Orfelina ta haifi bakwaini,
bai cika tafi biyu ba,
numfashinsa na tsinkewa kamar ruɓaɓɓen zare.
Baldovino kuma ƙafa ta ƙi.
Wai ya ce a kira ni.

Ni?
Mai haɗa baƙi da ƙyar, yatsa a kan layi?
Ni da gwiwa ta manta durƙuso?
Ga malamin makaranta.
Ga matar mai kanti,
wadda muryarta ke taɓa rufi ran Lahadi.

Na same shi kwance,
ƙirji na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Ya zare igiyar daga wuyansa.
Na ce, "Baba, ni da Shi ba ma shiri."
Ya ce, "Na sani.
Ai ba a gaba da wanda babu.
Tafi, yaron ba zai jira ki huce ba."

Laka ta kai ƙwauri.
Sau biyu iska ta hure fitilar,
sau biyu yaron ya kunna.
Ban yi addu'a a hanya ba,
abin da na ce kawai:
"To, ga ni. Sai Ka san yadda za Ka yi da ni."

Na ɗumama ruwa a kofin shayi,
na gwada shi a bayan hannu.
Kalmomin da na ɗauka sun nutse tare da mijina
suka taso ɗaya bayan ɗaya:
Uba, Ɗa, Ruhu Mai Tsarki.
Aurelio, in ji uwar.
Aurelio ya yamutsa fuska, ya yi atishawa.

Ba zan ce ruwana ya raya shi ba.
Washegari teku ta kwanta,
jirgin asibiti ya iso.
Na dai san wadda aka tsamo a daren.

Yau shekara tara igiyar na wuyana,
ta yi mini kanta.
Ni na karanta a kan Baldovino, ina tuntuɓe a kalmomi.
Ina share kashin tsuntsu a bagade,
ina zama da masu jiran mutuwa,
ina korar Aurelio daga itacen tufa na bayan coci.

Takalmin na nan ƙarƙashin gado.
Tambayata ma na nan, ban janye ba.
Amma Yesu bai jira mu gama shari'a ba
kafin Ya ba ni aiki,
ni ma ban jira ba.
In an buga ƙofa cikin dare,
ba na tambayar wane ne.
Mayafina na kan ƙusa, kusa da fitila.