Garanti

Damina shida na tara kuɗin aya,
na haɗa da bijimai biyu da gonar bakin gulbi.
Ranar da na ɗauko ta, ko ledar kujera ban ɓare ba.
Mushe Ma'azu ya miƙo makulli da takarda mai hatimi uku:
"Shekara uku, ko kilomita dubu ɗari.
Ko tari ta yi, Nomau, kawo mana ita."

Tarin kuwa ta yi.
Tsakanin Agye da Cadawa, buhu ashirin a bayanta,
ta fesa farin hayaƙi, ta shaƙe, ta mace,
rana tsaka, babu inuwa sai ta ƙalgo.
Barmu makanise ya iso bisa kabu-kabu,
ya shige ƙarƙashi, ya fito baƙi wuluk,
ya ce famfon gazuwal ne,
kuma tun daga gidansu ya zo da ciwonsa.
Ya ɗaure abin da ke ɗauruwa,
muka rarrafo Maradi bayan isha'i.

Habsu ɗiyata ce ta gani a waya:
kamfani ya yi kiranye,
duk mai irin wannan injin ya maido, a sake masa famfo kyauta.
Daren nan har tuwo na ƙara.

Washegari ofis ya yi sanyi kamar ruwan randa.
Ma'azu ya juya takardar, ashe bayanta ma rubutu ne,
ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.
"Wa ya taɓa hatimin famfo?"
Na ce wanda ya zo sa'ad da kuka ƙi ɗaukar waya.
"Man da kake sha fa, na gidan mai ne ko na jarka?"
Na ce ka nuna mini gidan mai a dajin Dakoro.
Ya ce kiranyen na motocin ƙetare ne.
Na ce to, tawa a Tibiri aka ƙera ta?

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran zancen.

Dila ya ce Yamai.
Yamai ta ce kamfani.
Kamfani ba shi da ƙofar da ake sallama,
sai lambar da wata mata ke roƙona in yi haƙuri
da murya ɗaya, safe da yamma,
har katina ya ƙare.

Wata tara ke nan tana garejinsu.
Famfo na cikin jirgi, famfo na duwan,
famfo ya iso amma na wata mota ne.
Allurar kilomita ta tsaya cak a dubu arba'in da ɗaya,
kalanda kuwa ba ta taɓa facin taya ba,
gudu take, tana cinye mini shekara ukun.
Kazar mai gadi ta yi ƙwai a ƙarƙashin kujerata,
ta ƙyanƙyashe, ta sake.
Ita kam ta ci moriyar garanti.

Ayar bana amalanken Jadi ya kai ta kasuwa,
jikka biyu kowane sawu.
Shanunsa ba su da takarda ko ɗaya,
amma kafin azahar suna bakin rumfa.

Jiya Cima ta rasa abin ƙunshe ƙuli-ƙuli,
ta miƙa hannu ga ledar da ke rataye a ƙusa.
Na ce kul.
Saura wata huɗu da kwana shida.
Gobe Litinin, da hantsi ina kan bencinsu,
ni da wani Bakonne da wani mai kai kifi Madarunfa,
ciwonmu ɗaya, hatiminmu ɗaya.
Mun fara rubuta sunaye.
Barmu ya ce ya san wasu bakwai.