Darar da Aka Bari a Hampi

Motar dare ta zubar da mu a Hosapete
tun zakara bai gyara murya ba.
Mu huɗu, kowa da jaka a gadon baya
kamar mai goyon ɗan da ya ƙi tafiya.
Dorji ya ƙirga kuɗinmu a gindin fitilar mai shayi,
ya ce, "Kwana uku, in ba a yi kwaɗayi ba."
Duk muka juya muka kalli Temesgen.

Girija ce ja-gaba, harshen garin nata ne.
Ita ta yi cinikin ayaba,
ita ta yi cinikin jirgin fito,
wani kwando da aka shafe gindinsa da kwalta.
Ya yi ta juyi da mu a kan Tungabhadra,
na riƙe bakinsa gam,
ina karanto duk addu'ar da na iya.

Sai duwatsu, wani a kan wani,
kamar an ɗora za a dawo a gyara, aka manta.
A tsakaninsu kufai.
Giwa ba haure.
Doki ya ɗaga ƙafa, shekara ɗari biyar bai sauke ba.
Wata mace ta dutse tana gyara ɗan kunne,
ruwan sama ya tafi da rabin fuskarta.

Mun tuɓe takalma a ƙofar haikali,
daɓe ya gasa mana tafin ƙafa.
Basappa mai gadi ya ɗaga sanda:
kada wanda ya ƙwanƙwasa ginshiƙi.
Ya ce da suna amsawa in an taɓa,
hannun baƙi ne ya dusashe musu murya.
Muna saurarensa biri ya zuge jakar Temesgen,
ya haye soro da burodin ranarmu,
yana ci yana kallonmu.

A tsohuwar kasuwa muka yi faɗa.
Rumfunan dutse sun miƙe har ido ya gaza,
nan ne wai ake auna lu'ulu'u da mudu,
mu kuwa a kan rupi ɗari biyu muke ta da jijiyar wuya:
wa ya biya ɗaki, wa ya sha kwakwa biyu.
Girija ta saɓa jakarta ta yi gaba.
Ba wanda ya kira ta.

Na gangara kogi na yi alwala.
Wata mai wanki ta janye zanen da ta shanya,
ta bar mini falalen dutse, ba ta ce uffan ba.

Bayan la'asar na same ta a tsugune
cikin wata rumfa da jemagu suka gada.
A daɓen akwai gurabu, bakwai-bakwai, jeri biyu,
bakinsu ya yi sulɓi don yawan yatsu.
"Kakata tana yin wannan," in ji ta, "da 'ya'yan tsamiya."
Ba na jin sarki ne ya sa aka haƙa su.
Wani masassaƙi ne dai rana ta dame shi,
ya ajiye kurfi, ya kira abokinsa.

Dorji ya iso da tsakuwa cike da hula.
Temesgen ya zauna nesa, ya matso, ya ƙara matsowa.
Ba wanda ya ce a yi haƙuri.
Girija ta raba, muka zuba,
ta cinye mu sau uku a jere
tana dariya har da tari.

Usur ɗin Basappa ya tashe mu da magariba.
Wasa na huɗu bai ƙare ba, kuma ni ne a gaba,
ko da yake Dorji har yau yana musu.
Muka bar tsakuwar a gurabunta,
muka saɓa jakunkuna,
cikinmu yana kukan burodin biri.