Saura Bakwai

Baƙin mai ne ya tona asiri,
ɗigo uku a simintin rumfar jirage, Heipang.
Oga Dalyop ya haska ƙarƙashin silinda,
ya ɗora sifana,
noti ya biyo hannunsa ba gardama,
da guntun ƙusa a bakinsa.

"Dubi karayar.
Rabi duhu, rabi ƙyalli.
Ta daɗe tana ciwo, ba ta faɗa ba."

Muka huda ragowar a tsakiya,
sannu, kamar cire ƙaya a ƙafar yaro.
Zaren ciki ya tsira.
Sabuwa ta zauna, ma'auni ya ce ƙas.

Matuƙiya Hanatu na duban agogo.
Dalyop ya goge hannu:
"A sama babu gefen titi.
Miƙo sifana, saura bakwai."