Gizagon Jatau

A shingen da ke gab da Mashi
aka ce kowa ya sauko da kayansa.
Kofur ya zazzage buhuna a gefen kwalta:
gero tiya biyu, daddawa, ƙullin kuka,
sai wani abu naɗe cikin tsohon saƙi
da ya faɗi da nauyin da ba na hatsi ba.

"Barandami!" in ji shi, ya ja da baya.
Fasinjoji suka dare kamar kaji sun ga shaho.
Wata tsohuwa ta kama salati.

Na ce, ranka ya daɗe, gizago ne,
na kakana Jatau, masassaƙin Dannakola.
Jiya aka raba gado a Daura,
'yan'uwa suka ɗauki gona da awaki,
ni wannan ne ya faɗo mini.

Ya ce, "Ƙarfe ne, kuma yana da baki.
Kwanakin nan ba ma tambayar ƙarfe sunansa."

To, dubi inda bakin ya fuskanta.
Barandami gaba yake duba, wani yake nema,
takobi ma haka.
Wannan kuwa ya lanƙwasa wuya
yana kallon ƙafar mai shi.
Shekara arba'in yana cin ƙirya da maɗaci,
yana tofar da turmi, akushi, kujerar tsakar gida.
Sau ɗaya ya taɓa lasar jini,
na ƙwaurin Jatau, ana gobe Sallah,
da tabon aka kai shi kushewa.

Dubi ƙotar, ko kamu ɗaya ba ta cika ba.
Mai neman rai nesa yake so ya tsaya,
mai sassaƙa sai ya matso
har ya ji ƙamshin ɗanyen itace.
Ga wani ɗan kwarmi nan, baƙi, mai santsi.
Ba wuƙa ce ta yi shi ba,
babban yatsa ne da gumi.

Kofur ya rataya bindiga, ya karɓa.
Ya ɗaga shi sama kamar mai sara,
kan ya rinjaya, ya murɗe masa hannu.
Ya sauke. Yatsansa ya zame cikin kwarmin
kamar an auna shi da shi,
kafin ya ankara bayansa ya sunkuya
irin na mai gaida babba.

Ya jima a haka.

"Amma zai iya kisa," in ji shi a hankali.
Na ce zai iya.
Taɓarya ma za ta iya, dutsen niƙa ma.
Ban ga amfanin yi masa ƙarya ba.

Ya ce turmin gyatumarsa a Ingawa ya tsage,
sun ɗaure shi da waya tun bara,
ko na iya sassaƙa?
Na ce ni tela ne a Ƙofar Ƙaura,
ko muciya ban taɓa ferewa ba.
Muka kalli ƙarfen mu biyu,
kamar baƙon da ba mai jin yarensa.

Da kansa ya naɗe shi cikin saƙin,
ya cusa shi can ƙasan gero.
"Akwai shinge biyu kafin Katsina,
na gaba ba ya sauraron labari."

Mota ta tashi.
Ƙotar tana zungurin ƙwaurina ta cikin buhu,
daidai wurin tabon Jatau,
ni kuma ina ta bitar bayanin a zuci,
ina rage shi, ina ferewa,
ko zai shiga kunnen mai sauri.